Koyon Aiki Ba Lada: Wa Zai Ɗauki Nauyin Ɗan Talaka daga Nguru da Gashuwa?

Tun daga shekarar 1973, lokacin da hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 domin horar da ma'aikatan masana'antu, ta fito da shirin da ɗalibai suke kira SIWES ko kuwa IT, ya zama ƙa'ida a manyan makarantun Nijeriya cewa mai karatun injiniya, ko kimiyya, ko aikin gona, ko wani fanni na fasaha, ba za a ba shi takardar shaida ba sai ya bar aji na wasu watanni, ya tafi ma'aikata ya zauna ƙarƙashin waɗanda suka san aikin da hannunsu, sa'an nan ya komo da littafin da ya riƙa rubuta abin da ya koya a cikinsa kowace rana, da sa hannun mai kula da shi da hatimin ma'aikatar. Ba mai hankalin da zai kushe wannan manufa, gama masu ma'aikatu na wancan zamani sun yi ta kukan ana aiko musu da samari masu digiri waɗanda suka haddace sunayen na'urori alhali ba su taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya ba. Sai dai an bar tambaya guda ba amsa, ita ce kuwa maƙasudin wannan maƙala: wa zai ciyar da ɗalibin, ya ba shi makwanci da kuɗin mota a cikin waɗannan watanni, idan ubansa manomin gero ne a Yusufari, ko masunci ne a bakin kogin Yobe?

Ra'ayin da zan kare shi ne, tallafin da ya dace da mai koyon aiki shi ne wanda aka auna da buƙatarsa, aka damƙa masa kafin ya tashi, aka kuma ba shi kyauta ba rance ba. Kuma al'ummar arewacin Yobe, ko da gwamnati ta yi jinkiri, tana da hanyoyin da za ta fara wannan aiki da kanta, hanyoyin da ta gada tun kafin a haifi jami'a a ƙasar nan.

Bari mu fara da abin da ake bayarwa yanzu. Da farko ITF ce take ɗaukar nauyin shirin daga aljihunta, har nauyin ya fi ƙarfinta ta janye a 1978, aka miƙa shi ga hukumar kula da jami'o'i da ta kula da ilmin fasaha a 1979, kana aka maido mata da shi a 1984 bisa sharaɗin Gwamnatin Tarayya ce za ta riƙa zuba kuɗin. Alawus ɗin da aka yanka wa ɗalibi shi ne naira 2,500 a wata, wato naira 15,000 ga ɗan jami'a mai yin wata shida, da naira 10,000 ga ɗan kwalejin fasaha ko ta horon malamai mai yin wata huɗu. Shekara da shekaru wannan adadi yana tsaye inda yake, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kuma kai 70,000 a 2024, alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ya tashi daga 19,800 zuwa 33,000 har ya kai 77,000, litar man fetur kuma, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin a janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ya raba naira 15,000 a kan kwanakin wata shida zai tarar kowace rana ta sami naira tamanin da 'yan kai, abin da ba zai kai mutum daga masauki zuwa bakin ma'aikata ba, balle a yi zancen komowa.

Ƙanƙantar kuɗin ma ba ita ce babbar illarsa ba. Illa ta fari ita ce lokacin biya, domin ba a biyansa sai bayan an gama, an tattara takardu an tantance, kuma sau da yawa sai ɗalibi ya kusa barin makaranta, ko ma ya bar ta, kafin ya ji ɗuriyarsa. Wannan daidai yake da a kai wa manomi iri bayan damina ta ɗauke: ba za a ce ba a ba shi ba, amma gonar ta riga ta kwana. Illa ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa ga ido, ita ce an daidaita kowa da kowa a cikinsa, ɗan babban sakatare da maraya, wanda gidansu yake Kano kusa da masana'antu da wanda ya fito daga Machina. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan rabo shi ne adalci, saboda ba a fifita kowa ba. Malamanmu kuwa sun fassara adalci da ajiye kowane abu a muhallinsa, kuma naira 15,000 a hannun wanda ba ya buƙatarta ba ta sauka a muhallinta ba, kamar yadda a hannun wanda yake buƙatar ninkinta goma ba ta biya masa kome ba.

A nan ne yanayin ƙasa yake shigowa cikin hujja, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa, domin waɗanda suka tsara shirin sun tsara shi ne da Ikko da Kaduna da Kano a zukatansu, garuruwan da ɗalibi zai kwana a gidan ubansa ya wayi gari ya tafi ma'aikata. Nguru ta san zamanin da ita ma take cikin sahun garuruwan aiki. A 1930 hanyar jirgin ƙasa ta iso ta daga Kano, tafiyar kusan kilomita 230, ta tsaya a nan, sai garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu daga yammacin Borno da kudancin Nijar, kamfanonin Turawa da Larabawa suka buɗe kantuna da ɗakunan ajiya, daga baya aka kafa kamfanin matsar man gyaɗa da mayankar da ake tura nama kudu. Wani abin lura shi ne, shekarar da aka haifi SIWES ita ce shekarar babban farin 1973, bayansa da shekara biyu kuma cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Ashe ke nan an wajabta wa ɗalibai neman ma'aikata a daidai lokacin da tushen ma'aikatun wannan yanki ya fara ruɓewa. Makarantu kuwa sai ƙaruwa suka yi. Gashuwa tana da Kwalejin Horon Malamai ta Umar Suleiman, ta kuma sami Jami'ar Tarayya a 2013, tare da Gusau da Birnin Kebbi; Nguru tana da kwalejin shari'a da horon malamai, da kwalejin kimiyyar lafiya, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Masu neman wurin koyon aiki suna yawaita kowace shekara, wuraren kuwa ba su yawaita tare da su ba.

Ba na cewa yankin fanko ne. Mai karatun kiwon kifi, ko gandun daji da namun dawa, ko ilmin tsirrai, da wuya ya sami makarantar da ta fi fadamar Haɗeja da Nguru, wadda aka shigar da tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, ga kuma mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, inda tsuntsayen Turai suke sauka lokacin sanyi. Ga matsalar ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda ambaliya take zuwa. Ga shirin raya yankin hamada na NEAZDP a Garin Alkali. Ga ciwon ƙoda da ya addabi mutanen Gashuwa, wanda yake kiran duk mai karatun sinadarai da ƙananan halittu ya zo ya auna ruwa da abinci. Amma ko waɗannan wurare na kusa suna cin kuɗi, domin tsakanin Gashuwa da Nguru kaɗai akwai kimanin kilomita 65, kuma wanda aka tura ƙauyen fadama sai ya nemi ɗaki da abinci da gidan sauro. Mai karatun kwamfuta ko sinadaran masana'antu kuwa, in yana son ya ga aikin gaske, sai ya nufi masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Challawa a Kano, ko kamfanin siminti na Ashaka a jihar Gombe, ko Abuja, inda masu gidaje ba su san hayar wata shida ba, ta shekara suke karɓa a dunƙule.

Abin da yake biyo baya sananne ne ga duk malamin da ya taɓa fita duba ɗalibai. Mai hali ya tafi Kano ko Abuja, ya sauka a gidan kawunsa, wani lokaci ma ya dace da banki ko kamfanin sadarwa mai ba da ɗan abin kashewa, gurbin da galibi ba a samunsa sai da wasiƙar wani babba. Marar hali kuwa sai ya kai takardarsa sakatariyar ƙaramar hukuma, ko wani shagon buga takardu, ko ofishin da ba shi da alaƙa da karatunsa sai ta suna, ya riƙa leƙawa sau ɗaya ko biyu a mako, sauran kwanakin ya tafi gona, ko ya ja Keke Napep, ko ya zauna a rumfar cajin waya, ranar da wa'adi ya cika ya kwafi littafin abokinsa, a buga masa hatimi, kowa ya kau da kai. Su ɗaliban da kansu suna da suna ga wannan, suna cewa wane sa hannu kawai ya je yi. Ba na zargin yaron, domin wanda aka ba zaɓi tsakanin cikinsa da littafinsa an riga an san abin da zai zaɓa. Amma wajibi ne mu faɗi sakamakon a fili. Su biyun za su fito da digiri iri ɗaya, ɗaya ya san na'ura, ya san mutane a ma'aikata waɗanda za su tuna da shi ranar ɗaukar aiki, ɗaya kuma bai ƙaru da kome ba sai darasin cewa takarda tana iya tsayawa a madadin gaskiya. Shirin da aka kafa domin ya cike giɓin da ke tsakanin aji da ma'aikata ya koma yana faɗaɗa wanda ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Lamarin 'ya mace ya fi tsanani, domin ita ko an sami kuɗin mota, uba mai mutunci a Jakusko ko Karasuwa ba zai saki 'yarsa ta tafi birni wata shida ba sai ya san ɗakin da za ta kwana da mutanen da za ta zauna a hannunsu, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Haka nan ɗaliban koyon malanta, waɗanda suke da yawa a Gashuwa da Nguru: koyarwar gwaji da suke fita yi ba ta cikin SIWES, saboda haka ko naira 2,500 ɗin ba su da rabo a cikinta, alhali suna riƙe azuzuwa na zango guda cur a makarantun da malamai suka yi ƙaranci, suna sayen alli da kwali da takardar tsara darasi daga aljihunsu. A ranar malamai ta duniya ta 2021 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya yi shelar alawus na naira 75,000 kowane zango ga masu digirin malanta, da naira 50,000 ga masu neman NCE, wanda hakan iƙirari ne daga gwamnati cewa haƙƙin yana nan. Ko a wannan shela ma an koma ga rabon bai ɗaya, ba a tambayi wanda ya fi buƙata ba.

Wani zai ce ai yanzu an sami mafita, tun da an kafa asusun ba ɗalibai rance na NELFUND bisa dokar da aka sabunta a watan Afrilu na 2024, wanda yake biyan kuɗin makaranta ya kuma ba da naira 20,000 a wata ba tare da riba ba, sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Haƙiƙa wannan ci gaba ne, kuma kasancewarsa ba ruwa ya kawar da shubuhar da da ta hana Musulmi da yawa kusantarsa. Amma an yanka naira 20,000 ɗin ne domin zaman makaranta, inda ɗalibi yake da ɗaki da abokan tukunya, ba a lissafa hayar birni da motar kowace safiya a ciki ba. Bayan haka kuma rance rance ne. Ɗan mai hali zai yi koyon aikinsa da kuɗin ubansa ya fito wuyansa sakayau, ɗan talaka zai yi nasa da bashi ya fito yana biya, a kan aikin da shi ne ya yi wa wata ma'aikata kyauta. Ban ga ta inda za a kira wannan daidaito ba.

Wannan ya kawo mu ga asalin mas'alar a mahangar fiƙihu, wato shin mai koyon aiki ɗan ƙodago ne da ya cancanci lada, ko kuwa almajiri ne da ya kamata shi ya biya? Malamai ba su jahilci wannan tambaya ba. A babin ijara sharaɗi ne a san aikin a kuma san ladan, idan kuwa aka yi aiki ba a ambaci lada ba sai a koma ga ladan da ake ba irinsa. Majallar hukunce-hukuncen Daular Usmaniyya, wadda aka tsara bisa mazhabar Hanafiyya tsakanin 1869 da 1876, ta kawo mas'alar wanda ya kai ɗansa wurin mai sana'a ba tare da an yi sharaɗin lada ba, bayan yaron ya ƙware kowane ɓangare ya nemi a biya shi, ta ce al'adar gari ce za ta raba gardama. To, mece ce al'adar garinmu? Duk wanda ya san rumfar tela ko garejin makaniki ko maƙera a Nguru ya san yaron shago ba shi da albashi, amma bai taɓa wuni da yunwa ba: maigida yana ba shi na abinci da na sabulu, ya ɗinka masa kayan salla, ya kai shi asibiti in ya kwanta, ranar yaye kuma mai kirki ya haɗa masa da keken ɗinki ko akwatin kayan aiki. Al'adarmu ba ta san koyon aikin da mai koyo zai ciyar da kansa yana yi wa wani bauta ba. Wannan baƙon abu ne da ya zo tare da ofis.

Ƙasashen da muka kwaikwayo su ma sun farga. A Faransa dokar 2014 ta wajabta biyan duk ɗalibin da koyon aikinsa ya wuce wata biyu, aka kuma yanka mafi ƙarancin abin da za a ba shi a kowace sa'a. A Amurka shari'ar da wasu masu koyon aiki suka yi da kamfanin fina-finai na Fox Searchlight ta kai kotun ɗaukaka ƙara ga kafa ma'auni a 2015, cewa a duba wanda ya fi cin moriyar zaman, ɗalibi ko ma'aikata. Fadar Shugaban Amurka kanta ba ta fara biyan masu koyon aikinta ba sai a 2022. Jami'o'i da yawa a can kuma sun keɓe asusu na musamman da ɗalibi marar hali zai nema idan ya sami gurbin da ba a biya. Tilasta wa ma'aikata ta biya shi ne mafi kusa da adalci a inda ma'aikatu suke da yawa da ƙarfi. A arewacin Yobe kuwa ina tsoron in aka yi haka ƙofofin da suka rage a buɗe su ma za su rufe, domin asibiti ko gonar gwaji da take fama da albashin ma'aikatanta za ta gwammace ta ce ba gurbi. Saboda haka asusun da zai bi ɗalibi, ba ma'aikata ba, shi ya fi dacewa da halinmu.

Kada kuma a zaci ɗaukar nauyin mai tafiya neman ilmi sabon abu ne a wannan ƙasa. A dā Nguru ita ce mazaunin Galadiman Borno mai tsaron yammacin daula, kuma kufan Birnin Gazargamu yana nan cikin jihar Yobe ta wajen Gaidam. Sarakunan wannan daula sun riƙa rubuta wa malamai takardar mahram, wadda take ɗauke musu haraji da fita yaƙi domin su duƙufa ga karatu. Tun kafin haka ma, a tsakiyar ƙarni na 13, wajen zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun ba da dukiya aka gina makarantar Malikiyya ta Ibn Rashiƙ a Masar, suka kuma riƙa aika mata da kuɗi domin ta zama masaukin mutanensu, kamar yadda al-Maƙrizi ya ruwaito. Daga baya kuma aka san ɗaliban Borno da nasu ɓangare a cikin masaukan ɗalibai na Azhar, inda ake ba mazauna gurasa daga dukiyar waƙafi. Magabatan nan sun gane abin da muka manta, cewa ɗalibin da ya bar gida makwanci da abinci yake fara nema kafin littafi. In wani ya ce ai wancan ilmin addini ne, sai mu tuna masa Imam al-Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su duk mutanen garin sun yi laifi. Kuma ƙa'ida ce ta usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Garin da yake binne mutanensa saboda ciwon ƙoda ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda cewa horar da mai auna ruwa farilla ce a kansa.

Ta fuskar zakka, ba sai mun shiga saɓanin malamai a kan faɗin ma'anar tafarkin Allah ba, wanda Malikiyya suka taƙaita wasu malaman zamani kuma suka faɗaɗa, domin ɗalibi marar hali ya riga ya shiga sahun faƙirai da miskinai da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, wanda guzuri ya yanke masa a garin da ba nasa ba kuma ya shiga hukuncin matafiyi. Mazhabarmu ta kuma fi son a raba zakka a inda aka tara ta, ga shi kuwa kasuwannin Nguru da Gashuwa suna juya dukiya mai yawa ta shanu da riɗi da ƙaro da shinkafa da busasshen kifi. Amma hubusi, wato waƙafi, ya fi zakka dacewa da wannan aiki saboda dalili biyu. Na ɗaya, Jami'ar Tarayya ta kowa ce, a cikinta akwai Kirista daga Yobe da wajenta, kuma hubusi da sadakar taɗawwu'i suna iya game su. Na biyu, Malikiyya sun halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, ba lalle sai na har abada ba, wanda ma'anarsa ita ce attajiri ɗan Nguru mai gida a Kano yana iya tsayar da ɗaki biyu na wata shida kowace shekara domin masu koyon aiki, ɗakin 'yan mata a hannun iyalinsa, ba tare da gidan ya fita daga mulkinsa ko gadon 'ya'yansa ba. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato ma tana da tata, saboda haka ba a rasa inda za a koyi tsarin gudanarwa ba.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce ta ma'auni: ta yaya za a san mabuƙaci a ƙasar da manomi da ɗan kasuwa ba su da takardar haraji da za ta nuna samunsu, a kuma zamanin da duk abin da aka ce na talaka ne sai ya ƙare a hannun yaran 'yan siyasa? Wannan suka gaskiya ce, kuma ita ce ta sa hukumomi suke fakewa da rabon bai ɗaya, domin ya fi sauƙin lissafi, ba ya kuma jawo tsegumi. Amsata ita ce rashin takarda ba rashin sani ba ne. Bulama da lawani da limamin unguwa sun san gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Ofishin rajista ya san wanda kullum sai an kusa rufewa yake haɗo kuɗin makaranta. Malamin da ke kula da aji ya san wanda yake ɓacewa lokacin shuka da lokacin girbi. Kowace ɗaya daga cikin shaidun nan ana iya saye ta, amma sayen ukun gaba ɗaya yana da wuya, musamman in an hana masu riƙe da muƙamin siyasa kawo suna, aka kuma sa wakilin ɗalibai a zaman tantancewa. Sa'an nan a biya kuɗin kashi-kashi, na tafiya da masauki kafin tashi, saura kuma wata-wata bisa shaidar cewa ɗalibin yana wurin aikin da ya dace da karatunsa, ta yadda tallafin zai zama maganin sa hannun ƙarya. Abu guda da zan yi gargaɗi a kansa shi ne a kiyaye mutuncin yaro: kada a tara su a fili ana ɗaukar hoto suna riƙe da ambulan, gama Alƙur'ani ya yi hani ga ɓata sadaka da gori, kuma mafi cancanta sau da yawa shi ne wanda kunya za ta hana shi fitowa. A bayyana lissafin kuɗi ga jama'a, a rufa asirin sunaye.

Akwai kuma masu cewa in al'umma ta ɗauki wannan nauyi ta sauke wa gwamnati nata. Ba na kiran a yafe wa gwamnati kome. Ma'aikatu suna zuba wa ITF kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya, asusun TETFund yana gina azuzuwa yana kuma biyan malaman da ke fita duba koyarwar gwaji, jihar Yobe tana da hukumar ba da tallafin karatu. Haƙƙi ne a kan 'yan majalisar da ke wakiltar Bade da Jakusko, da masu wakiltar Nguru da Machina da Karasuwa da Yusufari, su nemi a ɗaga alawus ɗin, a riƙa biyansa a kan kari, a kuma keɓe wani kaso domin marasa hali da masu tafiya nesa. Amma ɗalibin da zai fita a zango mai zuwa ba zai iya jiran majalisa ba.

Don haka kirana ga hukumar Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da shugabannin kwalejojin garuruwan biyu shi ne su fara da abin da ba ya cin ko kwabo: ofishin SIWES ya ƙidaya ɗaliban da suka karɓi gurbin da bai dace da karatunsu ba saboda rashin guzuri, ya lissafa abin da wata shida yake ci a Kano da Damaturu da ƙauyukan fadama, ya kai wannan lissafi gaban majalisun masarautun Bade da Nguru da Machina, da shugabannin kasuwa, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Attajiranmu ba su taɓa ƙin gina masallaci ko haƙa rijiya ba idan aka nuna musu wurin da adadin. A nuna musu wannan ma, da sunan sashe da yawan ɗalibai da kuɗin kowane ɗaya, kafin a raba takardun fita na bana.